GUBA A CIKIN KWALBA

Jama'a, karatunmu na yau a kan wata guba ce wadda ba ta da launi. In an zuba ta a kwalba sai ka ce ruwa ne. In an gauraya ta da barasa, mai sha ba ya gane ta da ido, ko da hanci, ko da harshe. Ta kan makantar da mutum cikin kwana ɗaya ko biyu, ta kan kuma kashe shi. Amma tana da magani, in dai an kai mutum asibiti da wuri.

Wani zai ce, "To, ni ina ruwana? Ai ba na shan giya." Madalla, Allah ya ƙara tsarewa. Amma ka sani wannan guba ba a gidan giya kaɗai ta ke ba. Tana shagon mai fenti. 'Yan'uwanta suna garejin bakanike. Har a cikin maganin yara an taɓa samunsu. Ban da haka kuma, mai shan nan ɗan wani ne, ƙanen wani ne, mijin wata ne. Ran da ya faɗi, mutanen gida ne za su san yadda za a yi da shi. In sun sani, ya tsira. In ba su sani ba, sai a yi hasara.

'YAN GIDA ƊAYA

Abin da ke sa maye cikin burukutu da fito da kowace irin giya, masana suna kiransa etanol. Shi ma yana da nasa sharri, kowa ya sani. Amma yana da waɗansu 'yan'uwa da suka fi shi mugunta nesa ba kusa ba.

Na farko sunansa metanol. Ana yinsa a masana'anta don aiki, ba don sha ba. A kan sa shi cikin abin narka fenti, da waɗansu irin sifirit, da ruwan wanke gilashin mota. Yana da araha. Saboda haka waɗansu marasa imani su kan saye shi su zuba cikin barasa, don ta ƙara yawa da ƙarfi, su ci riba. Mafi yawan mace-macen da a kan ji labari, daga nan su ke fitowa.

Na biyu sunansa etilin gilaikol. Shi ne ke cikin ruwan nan mai launi, kore ko ja, da a ke zubawa a lagireton mota. Yana da ƙane mai suna dayetilin gilaikol, wanda a kan samu cikin man birki. Su biyun nan suna da zaƙi a baki, shi ya sa su ke da hatsari ga yara.

Kaɗan daga cikinsu ya isa ɓarna. Tsantsar metanol ƙaramin cokali biyu, watau mililita 10, yana iya makantar da mutum. Babban cokali biyu, watau mililita 30, yana iya kashe shi.

ABIN DA YA FARU A ODE-IRELE

Cikin watan Afrilu na shekarar 2015, wata cuta ta auka wa garin Ode-Irele a Jihar Ondo, can ƙasar Yarabawa. Mutum ya kwana lafiya, gari ya waye yana kukan ciwon kai, yana cewa ba ya gani sosai. Kafin a jima ya suma, kafin kwana ya zagayo ya cika. Cikin 'yan kwanaki mutum 18 suka mutu. Gari ya ruɗe. Waɗansu suka ce annoba ce. Waɗansu suka ce abin tsafin garin ne ya yi fushi. Da likitoci suka bincika, sai aka tarar waɗanda abin ya sama sun sha barasar gida da a ke kira ogogoro, ita kuwa akwai metanol a ciki.

Cikin watan Yuni na shekarar nan kuma, irin wannan ta sake faruwa a Jihar Ribas, inda wajen mutum 70 suka mutu. A shekarar 2020, lokacin cutar korona, aka baza ji-ta-ji-ta a ƙasar Iran cewa shan barasa yana kashe ƙwayar cutar. Mutane suka sayi ta ɓoye, wadda aka gauraya da metanol. Fiye da mutum 700 suka rasa rayukansu cikin 'yan watanni.

Ku lura da abu guda cikin labarin Ode-Irele. Lokacin da jama'a suka ɓata suna neman wanda ya yi fushi, shi ne lokacin da gubar ta ke aikinta cikin jikin mutane.

YADDA GUBAR TA KE AIKI

Ga abin mamaki. Metanol da kansa ba shi ne ke kisa ba. Jikin mutum ne ke juya shi ya zama guba.

Duk abin da muka ci ko muka sha, daga ciki ya kan shiga jini, jini ya kai shi hanta. Hanta kuwa kamar mai injin niƙa ce a bakin kasuwa. Abin da aka kawo mata, shi ta ke niƙawa. In aka kawo mata etanol, sai ta niƙa shi ya zama abin da jiki ke iya fitarwa. In aka kawo mata metanol, sai ta niƙa shi da injin nan guda, amma abin da ke fitowa wani ruwa ne mai tsami da zafi, irin wanda waɗansu tururuwa su ke fesa wa abokin gaba. Wannan ruwa shi ke taruwa cikin jini. Shi ke lalata jijiyar da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa. Shi ke hana sassan jiki amfani da iskar da mutum ke shaƙa.

Niƙan nan ba ya yiwuwa nan da nan. Ya kan ɗauki sa'a 12 zuwa 24 kafin gubar ta taru. In mutum ya haɗa da giya mai yawa, ya kan kai kwana biyu, don hanta ta fi son etanol, sai ta gama da shi sa'an nan ta juya kan metanol.

To, nan ne a ke ruɗuwa. A ce samari uku sun sha daga jarka ɗaya ran Asabar da dare. Suka yi ɗan maye, suka kwanta. Lahadi da safe suka tashi garau, ɗaya har ya tafi gona. Kowa ya ce ai lafiya lau. Lahadi da la'asar ɗayansu ya fara amai, ya ce yana gani dishi-dishi. Sauran biyun suna jin kansu lafiya, alhali kuwa hantarsu tana nan tana niƙa. Lafiyar nan ta safe yaudara ce. Ita ce kuma damar da Allah ya ba su, domin a lokacin nan ne magani ya fi ci.

ALAMUN DA ZA A DUBA

Mayen giya ya kan sauka in an yi barci. Wannan kuwa bayan barci ya ke tasowa. Ga alamunsa:

1. Ciwon kai mai tsanani, da jiri.
2. Amai da ciwon ciki.
3. Gani dishi-dishi, kamar mai tafiya cikin hazon hunturu. Wani haske ne zai dame shi. Wani zai ce an rufe masa ido da farin ƙyalle.
4. Numfashi da sauri da zurfi, kamar wanda ya yi gudu, alhali yana kwance. Jiki ne ke ƙoƙarin rage tsamin da ke cikin jini.
5. Ruɗewa, da surutai, da jijjiga, sa'an nan suma.

Akwai babbar alama kuma da kowa zai iya lura da ita: mutum biyu ko uku da suka sha abu guda su kwanta ciwo rana guda. In ka ga haka, kada ka tsaya neman wani dalili.

MASU ZAƘI, MASU KASHE ƘODA

Etilin gilaikol da ƙanensa su ma hanta ce ke juya su. Amma su ƙoda su ke kai wa hari. Da fari mutum ya kan yi kamar mai maye, amma ba warin giya a bakinsa. Bayan kwana ɗaya zuwa uku sai fitsari ya ragu, ko ya tsaya ɗungum, jiki ya kumbura.

Daga ƙarshen shekarar 2008 zuwa farkon 2009, yara 84 suka mutu a Nijeriya, har da waɗansu a Legas da Zariya, bayan an ba su wani maganin fitar haƙori mai suna My Pikin. An tarar da dayetilin gilaikol a cikinsa. A shekarar 2022 kuma, wajen yara 70 suka mutu a ƙasar Gambiya saboda maganin tari da aka samu da irin wannan guba. Iyayen yaran nan ba su sha giya ba, ba su kuma yi sakaci ba. Magani suka saya don 'ya'yansu su ji sauƙi.

Saboda haka, uwa, in kin ba yaro maganin ruwa, sa'an nan kika ga ya yini ya kwana bai yi fitsari ba, ko yana ta amai, ya yi laushi, ki daina ba shi. Ki ɗauke shi, ki ɗauki kwalbar, ku tafi asibiti.

ABIN DA ZA A YI A GIDA

Aikin mutanen gida kaɗan ne, amma shi ne tushe.

1. A nemi mota ko babur nan take, ko da tsakar dare ne. Kada a ce bari gari ya waye.
2. A tafi da dukan waɗanda suka sha, har da masu cewa lafiyarsu lau.
3. A tafi da kwalbar ko jarkar, ko da ba kome a ciki. A ɗauke sauran kada wani ya ƙara sha.
4. A tuna lokacin da ya sha, da yawan abin da ya sha, don likita zai tambaya.
5. In ya suma, a kwantar da shi a kan haƙarƙarinsa, a lanƙwashe ƙafar da ke sama, bakinsa ya dubi ƙasa. In ya yi amai sai ya zube waje. Haka za a riƙe shi har cikin mota, wani yana zaune kusa da kansa yana duban numfashinsa.
6. A aika wa mai unguwa ko dagaci, a sanar da jama'a inda aka sayo abin, don a tsai da sayarwa.

ABIN DA BA ZA A YI BA

Kada a ɗura masa manja, ko nono, ko madara. Mun saba da yin haka ga wanda ya sha guba, amma a nan ba shi da amfani. Cikin sa'a guda wannan guba ta riga ta bar ciki ta shiga jini, manja kuwa ba ya bin ta can. In ma mutumin ya fara fita hayyacinsa, abin da aka ɗura masa ya kan bi ta hanyar iska ya shiga huhu, ya jawo wata cuta.

Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Kada a jiƙa masa kanwa, ko gawayi, ko saiwa. Kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki a ce barci zai warkar da shi. Kada a ce sammu ne ko iska, a tsaya turare da hayaƙi. Addu'a kuwa a yi ta, amma a yi ta a kan hanyar asibiti.

ABIN DA LIKITA ZAI YI

In kun isa, ku nufi sashen gaggawa. Aikin likita a nan kashi huɗu ne.

Na farko, ya tsare rai. Zai duba numfashi da bugun zuciya. Zai sa ƙarin ruwa. In numfashi ya gaza, a sa masa abin taimakon numfashi. Zai ɗebi jini a auna, a ga yawan tsamin da ke ciki, a ga kuma ko ƙoda tana aiki. Zai haska ido ya duba.

Na biyu, ya tsai da niƙa. Tun da hanta ce ke yin gubar, in aka hana ta niƙa metanol, gubar ba za ta ƙaru ba. Akwai makari iri biyu. Ɗaya sunansa fomefizol. A kan ba da shi ta jijiya, bayan kowace sa'a 12. Aikinsa kamar a kashe injin niƙan nan ne a kulle ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan da ya wajaba a tanada, amma yana da tsada, ba kowane asibiti ke da shi ba. Inda babu shi, likita ya kan yi amfani da etanol mai tsabta. Kun tuna mun ce hanta ta fi son etanol? To, in an cika mata hannu da shi, ba ta samun sukunin taɓa metanol. Sai metanol ya yi ta jira a layi, har ya fita ta numfashi da fitsari a hankali, ko a cire shi da na'ura.

Wannan kada ya ba kowa mamaki, kada kuma dangi su hana. A hannun likita magani ne na ceton rai, da awo a ke ba da shi, ana duba jini a kai a kai. In ya yi kaɗan bai yi aiki ba, in ya yi yawa ya danne numfashi, ya kuma zubar da sukarin jinin yaro. Don haka ba aikin gida ba ne. Barasar kasuwa ma, wa ya san abin da ke cikinta?

Na uku, ya rage tsamin jini. Akwai wani ruwan magani mai kashe tsami da a kan sa ta jijiya. A kan ƙara da waɗansu irin bitamin masu taimakon jiki ya karya gubar da ta riga ta taru.

Na huɗu, ya wanke jini. In gubar ta yi yawa, ko ido ya taɓu, ko ƙoda ta tsaya, sai a haɗa mutum da na'urar da a ke kira ta wankin ƙoda. Jini ya kan fita ta wani siririn bututu, ya bi ta cikin matata, ya komo jiki. Na'urar ta kan tsame metanol da gubarsa cikin sa'o'i, abin da jiki zai yi kwanaki bai gama ba. Irin wannan na'ura tana manyan asibitoci, kamar asibitocin koyarwa na Kano, da Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri. In malamin asibitin garinku ya ba ku takarda ya ce ku wuce gaba, ku wuce nan da nan. Ba korarku ya yi ba.

Wanda aka kai tun kafin alamu su fito, sau da yawa ya kan tashi ba tare da wata illa ba. Wanda aka kai ido ya fara dushewa, wani ganinsa ya kan dawo, wani ba ya dawowa. Wanda aka kai a sume, likita zai yi iyakar ƙoƙarinsa, amma da yawa ba su tashi. Bambancin mutum ukun nan, sa'o'i ne kawai.

KUNYA

Yanzu ga abin da ya fi wuya. A ƙasarmu shan giya abin kunya ne. Yaro ya sha a ɓoye, ciwo ya kama shi, yana tsoron ubansa, sai ya yi shiru. Uba ya gane, yana tsoron bakin mutane, sai ya rufe ƙofa. In ma an je asibiti, a ce wa likita zazzaɓi ne. Likita ya bi zazzaɓi, gubar kuwa tana ci.

Ku tuna, na'urar da ke auna metanol cikin jini ba ta cika samuwa ba. Sau da yawa likita da maganar bakinku ya ke aiki. Kalma ɗaya ta gaskiya tana iya ceton idon ɗanku. Likita ba alƙali ba ne, kuma aikinsa ya hana shi tona asirin maras lafiya. Hausawa sun ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A ceci yaro tukuna. In ya warke, akwai lokacin faɗa da nasiha. Makaho kuwa, ko gawa, faɗa bai amfane su da kome ba.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Hanyar da ta fi kowace tsira ita ce barin sha ɗungum. Ba wata dabara da za a gane barasa mai metanol a gida. Ɗanɗano ba ya nunawa, ƙyasta mata ashana ma ba ya nunawa. Mai sayarwa kansa wani lokaci bai san abin da aka kawo masa ba.

Masu fenti da kafintoci da bakanikai, kada ku zuba sifirit, ko ruwan lagireto, ko man birki cikin kwalbar lemo ko gorar ruwa. Ku bar kowane cikin mazubinsa, ku rufe, ku ajiye inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Masu sayen magani, ku saya a kantin da hukuma ta yarda da shi. Ku duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalba, ku duba ranar da maganin zai lalace. Ku guji maganin da aka ɗura a kwalbar da ba rubutu. In kun ji a rediyo an hana wani magani, ku duba gida ko kuna da shi.

A nan ne karatunku zai yi muku rana. Wanda ya iya karatu ya kan duba kwalba ya san abin da ke ciki. Ya kan ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a gicciye, ya san alamar guba ce. Ya kan rubuta lokacin da aka sha da sunan abin da aka sha, ya miƙa wa likita. In kun koma gida yau, ku karanta wa waɗanda ba su zo aji ba. Allah ya kiyashe mu, amin.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa wanda ya sha metanol ya kan tashi lafiya da safe?
2. Wace gaɓa ce cikin jiki ke juya metanol ya zama guba?
3. Faɗi alamu uku na wannan guba.
4. Don me ba a ɗura wa wanda ya suma manja ko nono?
5. Mutum huɗu sun sha abu guda, ɗaya ya kwanta. Mutum nawa za a kai asibiti?
6. Rubuta wannan a littafinka: A kai shi asibiti yau, a tafi da kwalbar, a gaya wa likita gaskiya.